Ina Zuwa, In Ji Mai Gahawa

A unguwar Malaz ta birnin Riyad abin nan ya faru, a gidan Maiwada, wani mutumin Gusau da ke tuƙa motar haƙa a aikin gyaran tsohon garin Dir'iyya. Su uku ne kawai a can saman bene, shi da matarsa Ruƙayyatu da 'yarsu Hajar. Ita Hajar a Riyad aka haife ta, Larabci ma ya fi Hausa zama a bakinta. Tun da iƙamarta, wato takardar izinin zama, ta samu matsala ta daina zuwa makaranta, ba ƙawa ba maƙwabta, sai zaman taga. Kullum da safe in ta riƙe rigar uban ta ce ya ɗan zauna, sai ya ce "ina zuwa" ya fice. Kun dai san ina zuwan Bahaushe.

To wata rana sai ya dawo da wani ɗan finjali, ƙaramin kofin nan da Larabawa ke shan gahawa. Wai a gefen kwari ya tone shi, yana zaune daram kamar yanzu aka ajiye. Hajar ta wanke shi ta ɗora a taga.

Washegari da magariba, ladan bai gama rufe baki ba, Ruƙayyatu ta ji ƙas a jikin gilashi. Tsakuwa. Can kuma wata. Ta leƙa, titi fayau, kuma wane hannu ne zai kawo jifa har saman nan? Sai gidan ya ɗauki ƙamshin gahawa, alhali ko tukunya ba a ɗora ba. Shiru ya sauka, irin shirun da har ƙarar firji sai ka ji ta yi nisa.

Daga ranar Hajar ta daina shan ruwa. Ba faɗa ba ihu. In an miƙa mata kofi sai ta karɓa da hannun dama, ta ajiye a gabanta, ta naɗe ƙafa, ta zuba wa ƙofa ido. Ga zafin Riyad. Leɓenta ya tsage, idonta ya faɗa. An kai ta asibiti an ƙara mata ruwa, likita ya ce bai ga komai ba. Suna dawowa gida, magariba na yi, tsakuwa ta ci gaba.

Sai Maiwada ya je unguwar Batha ya ɗauko Malam Sha'aban, wani tsoho da kakanninsa suka zo hajji a ƙafa suka zauna. Malam ya sa aka miƙa mata ruwa a gabansa. Da ya ga yadda ta ajiye kofin sai ya ce wannan ba ƙin ruwa ba ne. Al'adar mutanen nan ce ta da, baƙon da ya zo da buƙata ba ya shan gahawar mai gida, ajiyewa yake, sai an tambaye shi abin da ya kawo shi an ce masa sha.

Ya fara karatu a hankali. Hasken taga na ta ja baya. Can bakin Hajar ya buɗe, amma muryar wani tsoho ce, da Larabcin ƙauye irin wanda yanzu ba a yi.

"Mai gahawa ya dawo?"

Malam ya ce wane ne kai. Muryar ta ce shi ɗan aiken mutanen kwari ne, waɗanda ba a gani. A zamanin da Turawa ke yawo a bakin teku da jirage, wani sarkin Larabawa ya kafa tanti a kwarin, Bature ya zo da tafintansa za su ƙulla yarjejeniya, wa ke da nan, wa ke da can, wa zai ba wa bindiga. Su kuma aljanun wurin suka tura shi ya roƙi a bar musu rijiyarsu a wajen rabon. Ya shiga da siffar baƙo ya zauna a ƙarshen shimfiɗa. Wani baƙin mutum mai zuba gahawa ya zuba masa, ya ajiye finjalin yana jira. Sarki na ta ja da Bature, ba wanda ya waiwayo. Da ya taɓa mai gahawar, sai mai gahawar ya ce masa wata kalma da yarensu, ya fassara masa da Larabci cewa yana dawowa.

"Ina zuwa," muryar ta faɗa da Hausa, tsaf.

Ruƙayyatu ta toshe baki da mayafi.

Muryar ta ci gaba, wai aka sa hannu a yarjejeniyar, aka naɗe tanti, kowa ya watse. Shi ba halin ya sha, ba halin ya tashi, kunya ce. Rijiyar ta ƙafe, danginsa suka ƙaura, shi yana nan gefen finjali. Sai da aka kawo shi gidan nan ya sake jin kalmar, kullum da safe, kuma ya ga wata ita ma an bar ta tana jira.

Maiwada tuni hawaye, ya buɗe baki zai ce sha, Malam ya damƙe masa hannu. Ya ce kar ka kuskura, in ka ce sha kafin ka ji buƙata, duk abin da ya ambata ka bayar.

Ai kuwa. Muryar ta ce a ba shi yarinyar, su dinga jira tare.

Malam ya ce wannan babu, mutum ce, tana da iyaye, kuma zalunci ne, ya ji tsoron Allah. Muryar ta ce to rijiya. Malam ya ce rijiya kai da bakinka ka ce ta ƙafe. Da muryar ta dawo ta yi ƙasa sosai.

"To mai gida ya tambaye ni. Ba wanda ya taɓa tambaya ta."

Maiwada ya matso ya durƙusa a gaban 'yarsa. Ya ce baƙo, me ya kawo ka? Muryar ta ce a mayar da finjalin inda aka ɗauko, a kife shi, ya samu ya bi danginsa. Maiwada ya kalli Malam, Malam ya gyaɗa kai.

"Sha, baƙo. An yi maka."

Hajar ta ɗauki kofin ta shanye tas. Sannan ta ɗan girgiza shi a hannu, yadda Larabawa ke yi in sun ƙoshi, ta sulale jikin uwarta. Ƙamshin gahawar nan ya ɗauke kamar an buɗe ƙofa.

Da safe Maiwada ya naɗe finjalin a hankici zai fita. Hajar na zaune a taga, muryarta a dishe, ta ce da Hausarta mai karkacewa, Baba ka zauna kaɗan.

Kalmar har ta zo masa baki. Ya haɗiye ta. Ya ajiye makullin mota, ya jawo kujera, ya ce to Hajar, me ya kawo ki?