Furen Biro a Kujerar Oga

"Mama, kujerar mota tana jin zafi in an zana mata fure?"

Hannunta na cikin kumfar wanki tambayar ta same ta. Ta ɗago ta dubi ɗiyarta 'Yar Baba, wadda ke tsaye da biro a hannu, yatsunta duk shuɗi.

"Wace kujera?"

Yarinyar ta nuna bakin ƙofa da haɓa.

Ko hannu uwar ba ta ɗauraye ba, ta fita da gudu. Motar Oga na nan inda mijinta ya ajiye ta, ƙofar baya a buɗe. A tsakiyar kujerar, kan fatar nan mai launin madara, ga fure ƙato har da ganye, an bi shi an sake bi don ya fito sosai.

"Innalillahi... 'Yar Baba, kin kashe ni!"

Mijinta direba ne. Ya daɗe a gida babu aiki kafin ya samu wannan, kuma ita kaɗai ta san irin zaman da suka yi a lokacin. Oga mutum ne mai son motarsa kamar ransa. Kafin ya zauna sai ya shafa kujera da tafin hannu ya duba. Direban da ya riƙe motar a baya, tabon shayi kawai ya kore shi.

Ta leƙa ɗaki. Mijin yana kwance rigingine da kayan aikinsa, takalmi ɗaya a ƙafa. Da hantsi ya dawo daga doguwar tafiya, ya ce zai ɗan runtsa kafin ya gyara motar ya mayar da yamma. Ta tsaya a kansa, ta miƙa hannu za ta taɓa shi, sai ta janye.

Tun da ya fara aikin nan ya zama wani iri. Gaisuwa ma da ƙyar. Abu kaɗan sai tsawa. In ya tashi ya ga furen nan, wa zai tare wa yarinyar?

Ta ja ƙofar a hankali. Tabo ai ba baƙonta ba ne. Wace irin tawada ce ba ta fitar ba a farar rigar makaranta? Ta ɗauko ruwan bilic da soson wanke-wanke, ta tsiyaya a kan furen, ta shiga dirza.

Furen ya fara gudu. Har ta saki ajiyar zuciya, ta ƙara ƙarfi. Da ta ɗaga soson sai ta ga ba shuɗi kaɗai ya kwaso ba, har da launin kujerar. Wuri kamar faɗin faranti ya koma fari fat.

"Jiƙa ce," ta ce da kanta. "In ya bushe zai dawo."

Ta wangale ƙofar yadda rana za ta daki wurin sosai, ta koma kan wankinta, tana yi tana leƙowa. Da ta dawo ta taɓa, wurin ya yi tauri kamar busasshen kwali, har ya soma tsagewa a gefe.

"Me kike yi a motar mutane?"

Muryar mijinta ce a bayanta, ta barci. Ta juyo, soson na hannunta. Ya matsar da ita gefe ya leƙa. Ya daɗe a sunkuye yana duba wurin. Ya kai hanci ya shinshina.

"Bilic?"

"Abban yarinya, tsaya ka ji..."

"Bilic kika zuba wa fata? Fata ce fa! Kin ɗauka zanin gado ne?"

"Tawada ce ta ɓata wurin, na ce bari in..."

"Tawada? Ai da kin bar min ita! Tawada tana da dabara, a hankali ake binta da auduga. Wannan fa? Wa zai mayar da launin da kika cinye? Kuma kika shanya ta a rana! Me ya hana ki tashe ni?"

"In tashe ka?" Ta yar da soson. "Yaushe rabon da in kira sunanka ka amsa ba da tsawa ba? Gidan nan kowa a kan yatsu yake tafiya in kana ciki. Na tsaya a kanka, wallahi na tsaya, hannuna ya ƙi!"

"To wa ya yi zanen?"

Ta kawar da kai.

"Magana nake miki!"

"Ni ce."

"Ke? Ke ce kika zauna kika zana..." Bai ƙarasa ba. Idonsa ya sauka bayan duron ruwa, inda wasu ƙananan ƙafafu suka leƙo. Yarinyar ta takure, ta toshe kunnuwanta da hannayen nan masu shuɗi, ta runtse ido.

Kafaɗunsa suka sauka. Ya zauna a bakin ƙofar motar kamar wanda aka zare wa laka.

"Ni take wa wannan ɓuyan?"

Hawayen da matar take riƙewa suka zubo.

Can ya miƙe, ya buɗe bayan mota ya ɗauko jakar kayan gyaransa. Ya tura motar ƙarƙashin inuwa.

"Kawo min ruwa mai ɗumi-ɗumi. Ba mai zafi ba. Da tsohuwar rigata mai laushin nan."

Ta kawo. Ya ɗiga sabulun ruwa marar ƙarfi kaɗan a ruwan, ya tsoma tsumma, ya matse shi har sai da ya daina ɗiga. Ya shiga goge wurin a hankali don ya ɗauke ragowar bilic ɗin, yana juya tsumman, yana bi da busasshe.

"Zai gyaru?" ta tambaya.

"Riƙe min wannan."

Ya buɗe gwangwanin man shafa fata. Bai fara da tabon ba, sai da ya gwada a can ƙasan kujera inda ido ba ya kaiwa, ya jira ya gani. Sannan ya lakato kaɗan a tsumma, ya shiga murzawa yana zagaye-zagaye.

"Ba kai tsaye ake zuba mata ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A tsumma ake sawa. Kaɗan-kaɗan, sai ta sha a ƙara."

Ta karɓa ta ci gaba, shi ya koma sauran kujerun. Tun ana zafi suke abu ɗaya har inuwa ta miƙe. Bayanta ya riƙe, yatsunsa suka yi santsi. Ko'ina ya yi laushi yana sheƙi, motar ta ɗauki ƙamshi. Taurin wurin ya ɗan saki.

Amma farin yana nan.

"Mu ɗora matashi a kai," ta ce da sauri. "Ko ɗan tawul. Kafin ya lura..."

"Mutumin da ke shafa kujera kafin ya zauna?" Ya yi wani gajeren murmushi na gajiya. "Kin manta wa nake wa aiki."

"To bari in ɗauko mayafina. Ni na yi ɓarnar, ni zan faɗa masa da bakina. In durƙusawa ce in durƙusa."

"Babu inda za ki. A hannuna aka ba da mota, ni na bar ta a buɗe na je na kwanta." Ya goge hannunsa, ya shiga, ya tayar. Ya ɗan sauke gilashi. "Ki wanke mata hannu."

Ta tsaya tana kallon motar har ta sha kwana.

Ta wanke wa yarinyar hannu. Ta ƙarasa wankin da ta bari, ta shanya, ta share tsakar gida wadda ba ta buƙatar shara. Duk ƙarar motar da ta wuce sai ta miƙe tsaye.

Rana na gab da faɗuwa ta hango shi daga bakin layi. A ƙafa yake, jakar kayan gyara a kafaɗa.

Ba ta tambaya ba, shi ya faɗa.

"Oga ya karɓi makulli."

Ta dafe bango. "Na cuce ka... Abban yarinya, na cuce mu..."

"Ya isa, masoyiyata." Rabon da ya kira ta haka har ta manta. Ya ajiye jakar ya riƙo kafaɗunta. "Mun taɓa zama babu, ba mu mutu ba. Hannun nan ya iya gyaran kujera, gobe zan zagaya wuraren wankin mota in gani. Amma ki dube ni. Duk abin da ya faru a gidan nan, ko yanzu na kwanta, ki tashe ni. Kin ji?"

Ta gyaɗa kai, fuskarta a ƙirjinsa, rigarsa na warin mai da zufa.

Yarinyar ta leƙo daga bayan labule, rabin fuska kawai. Ya durƙusa ya buɗe mata hannuwa. Ta daɗe tana kallonsa, ta dubi uwarta, sannan ta tako a hankali ta shige jikinsa. Ya ɗaga ta, suka shiga ciki.

Ke 'yar'uwa mai karanta wannan, ki ji ni da kyau, ni ma uwa ce: kujerar fata ba rigar makaranta ba ce. Kada ki kusance ta da bilic ko soso mai kaushi, kada ki shanya ta a rana, kuma kada tsoro ya sa ki gyara abin da ba ki sani ba ke kaɗai. Kai kuma maigida, ka kiyayi ranar da matarka za ta tsaya a kanka da matsala a hannu, ta kasa taɓa ka.