Auren Ralitsa a Tsakar Gidan Babanta

Da silifas ɗin ɗaki Ralitsa ta fito, tana sauri-sauri gudu-gudu a titunan birnin Ruse, tana tambaya ko an ga wani tsoho mai koriyar suwaita. Karo na uku ke nan a wata guda da mahaifinta Yordan, tsohon direban jirgin ƙasa, ya sulale daga gida. Shekara huɗu da ciwon mantuwa ya kama shi, ita kaɗai ke jinyarsa.

A shagon burodi ta same shi yana cin banitsa mai zafi, wani irin burodi mai cuku, wani saurayi da fulawa a gira ya durƙusa yana ɗaure masa igiyar takalmi.

"Babanki ne?" in ji saurayin. "Wai jirginsa zai tashi ƙarfe tara. Na ce ya karya tukuna, fasinja sa jira."

Dariya ta so yi, kuka ya riga ta.

Sunansa Tihomir. Daga ranar kullum sai ya kawo burodi da kansa. Ko suna hira idonta na kan ƙofa, kunnenta na ɗakin Baba, har ya sa mata suna Tsuntsuwa, wai ba ta iya zama wuri ɗaya.

Da ya kai ta gaida mahaifiyarsa Nevena, matar ba ta yi kwana-kwana ba.

"'Yata, ba ki da aibu. Amma shekara bakwai na yi jinyar surukata, na san abin da yake ci a jikin mutum. Ba na so wa ɗana."

Ralitsa ba ta yi musu ba, don ta san gaskiya ce. Ta daina ɗaga wayarsa. Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Tsuntsuwata, kin ci abinci kuwa? Ko Baba kika ba ke kika manta?"

"Ban ce zan ɗauke miki kayan ba. Gefe ɗaya nake roƙo ki bar mini."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta rubuta wa Tihomir: "Tisho, ka nemi wadda za ta iya fita yawo da kai."

Bayan sati biyu, da hantsi, Baba ya ƙi wanka. Yana ihu, ya ture ta, ruwa ya malale ko'ina. Ana haka aka ƙwanƙwasa. Nevena ce, riƙe da burodi.

"Tihomir ya ƙi kawowa, wai kin hana shi. Ya hana ni sakat."

Ta dubi jiƙaƙƙiyar rigar Ralitsa, ta naɗe hannun tata.

"Ɗumama tawul tukuna, sanyi yake tsoro. Sannan ki je ki kwanta."

"Mama, ai ba ya yarda da baƙo."

"Zai yarda. Ni ba wanda ya taɓa karɓar mini jinyar surukata ko na yini ɗaya. Abin da ya tsorata ni ke nan."

Daga ranar Ralitsa ta koma ɗaga wayar Tihomir. A tsakar gida aka yi biki, ƙarƙashin rumfar inabi, saboda taro yana firgita Baba. Da Ralitsa ta fito cikin farar riga, ya daɗe yana kallonta.

"Amaryar nan 'yar waye?"

Tihomir ya matse hannunta. Ta durƙusa gaban Baba.

"'Yar Yordan ce, direban jirgi."

"Ya iya tarbiyya," in ji tsohon, ya ɗora hannu a kanta. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ki mai kula da ke."