Garmar da Aka Bari Cikin Ciyawa

Wai can da, a wani ƙauye, an yi wani manomi mai tarakta. Ana gama kaka sai ya kwance garma da tirela, ya watsar da su a bakin gona, cikin ciyawa.

Yayansa ya ce, "Auta, nome ciyawar nan ta kewayensu mana."

Ya ce, "Haba Yaya, ƙarfe ne fa. Me zai ci ƙarfe?"

Matarsa ma ta yi magana. Ya ce, "Ƙarfe ne fa."

To ana tsakiyar sanyi, masu farautar gafiya suka cinna wa daji wuta. Tayoyin tirela suka ƙone ƙurmus, fayafayan garma suka daina juyawa.

Da ruwan shuka ya sauka, kowa na huɗa, shi yana tsugune gaban baƙin ƙarfe. Yayan ya zo, ya miƙa masa fartanya. Gonar kuwa, wallahi ido ba ya ganin ƙarshenta.