Furen Wake a Ƙwarya

Ranar kasuwar Kankia Zuliha ta fara ganin Sagir. Ya jingine zanensa na fentin mai a ƙofar shago yana hura hanci: jajayen furanni cikin tulun gilashi, ja har yana kashe ido.

"Ina ka taɓa ganin wanga hure?" ta tambaye shi.

"A waya."

Ta taɓe baki. "Da gani. Kamar an ɓarar da jan-baki. Mu a Dudunni ko akuya ba ta kallon shi."

Maganar ta yi masa ciwo, amma bai bar ta ta tafi ba sai da lambarta. Kafin damina ta yi nisa, "Zuli tawa" yake ce mata, ita kuma "Malam Ja-wur."

Mahaifinta Malam Dabo, manomin wake, ya ji labari ya yi tsaki. "Ƙato da gemu yana wasa da kala? Ba ni ba shi ɗiyata." Shi tsohon, Dalhatu mai shagon maganin feshi yake so ya ba ta, wanda ke zuwa zance da furen roba a leda. Wannan gwani daga kan babur ya leƙa gonar tsohon, ko sauka bai yi ba, ya ce lafiya lau take.

Zuliha ta yi kuka, sannan ta tura saƙo:

"Malam Ja-wur, in da gaske kake, bar furen waya. Je gonar Baba da sassafe ka zana namu. Shunayya ne da safe, kafin azahar ya koma ruwan ɗorawa. Kada ka yi masa kwalliya."

Kwana uku Sagir yana sammako daga Kankia, raɓa na jiƙa masa wando. Ya tsinko furanni a ƙwarya, ya zana abin da ya gani: shunayya mai haske, ganye kore shar, da wasu furanni masu baƙin tabo da suka yanƙwane tun ba su buɗe ba.

Da ya kai zanen zauren Malam Dabo, Dalhatu na nan zaune, ya ƙyalƙyale da dariya. "Ko fentin ma bai iya ba, ji datti."

Malam Dabo bai yi dariya ba. Ya sa yatsa a kan tabon. "Yaro, wanga hwa?"

"Haka na gan shi, Baba. Ta gabas, wajen tsamiya."

Tsohon ya miƙe ya nufi gonar, ko hula bai ɗauka ba. Ƙwari ne suka shiga furen, da an ƙara mako da waken bana ya tafi. A ranar aka yi feshi, kuma ba a shagon Dalhatu aka sayi maganin ba.

Bayan an kai wake rumbu aka ɗaura aure. Malam Dabo ya rataye zanen a zaure, ya dafa kafaɗar Sagir.

"Wanda ya tsaya ya dubi huren wake haka, zai dubi ɗiyata. Allah Ya yi maku albarka."