Shamuwa da Jan Zare

A wani gari can, an yi wata tsohuwa mai sayar da daddawa. Duk shekara, in damina ta kusa, wata shamuwa kan zo ta yi sheƙa a tsamiyar gidanta. Tsohuwa kan sa gora ta ɗora mata kwando a reshe, ta ce, "Sannu da hanya, baƙuwata."

Da can a ganye take ƙulla daddawa. Da leda ta shigo gari, sai ta koma leda, tana ɗaurewa da jan zare. Masu saye su kwance, su yar.

Wata safiya ta tarar da shamuwa a ƙasa, leda ta nannaɗe mata ƙafa, zare ya ci nama. Ta durƙusa za ta kwance, sai ta ga jan zare. Ƙullin hannunta ne.

Ta ce, "Wayyo, ashe ni na yi miki wannan!"

Ta yanke zaren, ta shafa mata man kaɗe, ta yi jinyarta kwana bakwai. Shamuwa ta tashi, ƙafa ɗaya na reto, ba ta waiwayo ba.

Tsohuwa ta koma ganye, ta bi gari lungu-lungu tana tsince leda. Damina ta zo, ta ɗora kwando, ta dubi sama, babu shamuwa. Wata daminar ta zo, ta dubi sama, babu shamuwa.

Maƙwabciyarta ta ce, "Iya, ki sauke kwandon nan mana, ya ruɓe."

Tsohuwa ta ce, "Gobe zan ɗora sabo, 'yar nan. Kada ta biyo ta ga babu, ta zaci ni ce ke fushi da ita."