Kamar Bishiya

Yusra ta riƙe Afrah da hannun dama, ta riƙe Almu da na hagu, ta ja ta tsaya nesa da shingen ƙarfen, tana ta addu'a ƙasa-ƙasa. A cikin shingen karnuka sun fi goma, babu mai igiya a wuya, sai tsere suke a kan ciyawa.

Ba don daɗi ta zo ba. Wata biyu da suka wuce wani kare ya yi haushi a bakin titin unguwar Plumstead, a nan ƙasar Turawa, Afrah 'yar yayarta ta fizge hannu ta faɗa titi, saura ƙiris bas ta take ta. Tun daga ranar yarinyar take kuka duk safiyar makaranta. Malamarsu ce ta ce a riƙa kai ta tana kallon karnuka daga nesa har ta saba. Yaya Ramatu, uwar yaran, nas ce, ba ta da hutun Asabar, sai aikin ya faɗo kan Yusra, wadda ba ta san ko'ina ba sai gida da ɗakin karatun jami'arsu a Bloomsbury. Ta bincika a waya, ta rubuta filayen karnuka uku a littafinta. Na farko ba shinge, na biyu duk caɓi. Wannan ne na uku.

"Wannan addu'ar da nake ji, ta sanyi ce ko ta karnuka?"

Ta juya a firgice. Wani dogon saurayi ne a bayan shingen, da jakit ruwan ganye, wani kare ruwan zuma na zaune a gefensa kamar ɗalibi a aji.

"Kai Bahaushe ne?" ta ce, sai kuma kunya ta kama ta.

"Tun daga Ringim. Sunana Usaid. Wannan kuma Biskit, amma shi ɗan nan ne."

Almu, ɗan shekara huɗu, ya ƙyalƙyale da dariya. Afrah kuwa ta cusa kai cikin hijabin Yusra tana rawar jiki.

Usaid bai matso ba. Ya tsuguna daga inda yake, ya saurari labarin bas ɗin har ƙarshe. Ya ce aikinsa horar da karnukan da ke yi wa makafi jagora, kuma kakansa mafarauci ne, cikin karnuka ya tashi.

"Afrah, kin taɓa ganin kare ya bi bishiya da gudu?"

Ta leƙo da ido ɗaya. "No."

"Saboda bishiya ba ta gudu. Haɗa ƙafafunki. Naɗe hannuwa a ƙirji. Kalli takalminki. Shi ke nan, kin zama bishiya." Ya ɗago ya dubi Yusra. "Har da ke, Anti. Tun ɗazu nake ganin ke za ki riga su arcewa."

A ranar bishiyoyi uku ne suka tsaya nesa da shinge, babbar cikinsu tana danne murmushi.

Kafin su hau bas ya karɓi lambarta, wai don ya turo mata sunayen wasu filayen. Da yamma saƙo ya shigo:

"Malama mai littafi, ga filaye biyu masu shinge. Amma na yau ya fi su kyau. Ni ma can nake zuwa duk Asabar, ƙarfe goma."

Ta karanta sau shida. Ta rubuta amsa mai layi tara, ta goge, ta tura: "To. Na gode."

Asabar ta biyu Afrah ta kai bakin shinge. Ta huɗu ta jefa ƙwallo ta sama, Biskit ya kawo. Ta bakwai ta shafa bayansa da yatsa ɗaya, ta dawo da gudu tana tsalle, Yusra ta rungume ta har da ƙwalla.

Yusra ta lura da abubuwa. Idan azahar ta yi, Usaid yakan ɗaure Biskit, ya cire jakit ɗin aiki, ya wanke hannu, ya ɗauko darduma daga jaka ya yi salla a ƙarƙashin wata bishiya. Ta lura kuma ranar Juma'a karatu ba ya zama mata, don ɗokin Asabar.

"Me kike rubutawa a littafin nan kullum?" ya tambaye ta wata rana.

"Ci gaban Afrah."

"Ni babu shafina?"

Ta rufe littafin da sauri. Ya yi dariya a hankali. "Tauraruwa, ni dai na gama nawa binciken. Ina so in zo in gaishe da Abba."

Nan ne matsalar take. Yaya Ramatu kaɗai ta san inda suke zuwa. Abba da Umma, da suke zaune gida ɗaya da su, sun ɗauka laburare take kai yaran.

Ba ta kai ga shirya magana ba, asiri ya tonu. Umma na kakkaɓe rigar sanyin Almu ta ga dogayen gashi ruwan zuma.

"Wannan kuma gashin mene ne?"

"Biscuit's," in ji Almu da fara'a. "Uncle Usaid's dog. He likes Anti Yusra."

"Karen ko mutumin?" Abba ya tambaya daga kan kujera, ya sauke tabarau.

"Both."

Abba, wato Malam Mamman Maje, ya yi shekara talatin yana karanta labarai a sashen Hausa na rediyo, kuma ba ya ɗaga murya. Ya saurari Yusra har ta gama, tana murza bakin mayafi.

"Laburare mai haushi ke nan," ya ce.

"Abba, ka yi haƙuri. Tsoro na ji."

Umma ta tafa hannu. "Mai yawo da karnuka? Me zan ce wa mutane a Kano? Ga Fakhruddeen ɗan gidan Hajiya Badariyya, yaro mai natsuwa, sau biyu uwarsa na yi mini magana. A'a, sai wanda zai shigo mana da kare kan darduma."

"Daga yau babu filin, babu yaron," in ji Abba.

Da Yusra ta shiga ɗaki ta rubuta wa Usaid: "Kada ka zo. Kada ka jira mu ranar Asabar."

Sai washegari amsa ta zo: "Na fahimta. Idan aikina ne yake ba ki kunya a gaban iyayenki, gara da kika faɗa tun yanzu. Allah ya haɗa ki da wanda ya fi ni."

Nan take Yusra ta hau rubuta amsa. Karo na farko ba ta goge komai ba:

"Mai Biskit, ba aikinka nake kunya ba, ƙaryar da na yi ce. Aikinka ne ya mayar da Afrah makaranta. Kuma kana da shafi a littafina. Shafuka goma sha ɗaya ma."

Daga nan ta ɗauki littafin, ta yage shafuka goma sha ɗayan ta ɓoye, ta kai wa Abba sauran. Ta tsaya a gabansa.

"Abba, kai ka ce ba ka taɓa karanta labarin da ba ka tabbatar ba. Wannan ka yanke hukunci ba ka gani ba."

Ya mayar da tabarau. Sannan ya buɗe littafin, ya karanta ranaku ɗaya bayan ɗaya.

Ranar Asabar da safe ya fito da babbar riga, da kwat a sama, da hular zanna.

"Amaryata," ya ce wa Afrah, "zo ki nuna wa mijinki laburaren nan naku."

A bas Yusra ta tura wa Usaid saƙo: "Muna tafe. Da Abba. Da babbar riga."

Suna isowa ta hango Usaid yana gyara wuyan jakit. Ya taho zai gaishe su ke nan, wata mata ta fito daga shingen ta bar ƙofa a buɗe. Wani ƙaton baƙin kare ya yo waje a guje, kai tsaye wajen babbar rigar da iska ke kaɗawa.

Abba ya tattare riga. Ya juya. Bayansa titi ne, motoci na wucewa.

"Kaka, tsaya!" Afrah ce, ta cafke hannunsa. Yarinyar da ko an yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci. "Haɗa ƙafa. Hannu a ƙirji. Kalli takalmi. Kai bishiya ne."

Malam Mamman Maje ya haɗa ƙafa. Ya naɗe hannuwa. Karen ya iso, ya zagaya su, ya shinshina bakin rigar, ya yi atishawa.

"Ya tafi?" Abba ya tambaya cikin raɗa, idonsa a kan takalmi.

"Bishiya ba ta magana, Kaka."

Usaid ya yi fito sau ɗaya, karen ya juya ya bi shi, ya mayar da shi cikin shinge ya rufe ƙofa. Ya cire jakit, ya wanke hannu da ruwan gorarsa, sannan ya zo ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da hantsi, Abba."

Abba ya waiga. Jikarsa yake kallo, wadda ta tsaya ƙyam kusa da titi ba ta motsa ba.

"Kai ka koya mata wannan?"

"Ni na faɗa, Abba. Yusra ce ta riƙa kawo ta, ita ma tana jin tsoro."

"Karen nan naka, a gida yake kwana?"

"A wurin horo yake kwana. Wata mai zuwa ma zai koma hannun wata dattijuwa da ba ta gani. Shekara biyu ba ta fita ita kaɗai ba."

Abba ya yi masa tambayoyi na kusan awa guda a kan benci, irin na tsohon ɗan jarida: iyaye, karatu, masallacin da yake Juma'a. Yusra na gefe tana ƙirga maɓallan kwat ɗin Almu, ta kasa ɗago kai. A ƙarshe Abba ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Ka ce manyanka su neme ni. Ita Ummanta ka bar ni da ita." Ya dubi Yusra. "Kuma ba gudu zan yi ba ɗazu. Riga nake gyarawa."

Umma ta yi sati biyu tana fushi, har ranar da ta raka Afrah makaranta da kanta, ta ga wani kare ya wuce su yarinyar ko gezau. Da ta dawo ta kira Hajiya Badariyya ta ba ta haƙuri, sannan ta fara lissafin ƙawayen da za ta gayyata.

Da bazara aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a a Woolwich. Wurin walima Abba ya ɗora hannu a kan Yusra ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a masu albarka, masu ƙarfin zuciya irin na amaryata." Aka amsa da amin.

Tana zaune cikin lulluɓi wayarta ta yi motsi.

"Tauraruwa, yanzu zan iya karanta shafukan nan goma sha ɗaya?"

Ta ɗago ta hango shi can gefen maza yana murmushi. Ta sunkuyar da kai ta rubuta:

"Sun zama arba'in, Angona."