Tarkon Muttaka

"Tsaya! Tsaya ko in watsa maka kai!"

Babura huɗu suka faso daga cikin sabara suka tare hanyar Gummi zuwa Anka, rana tsaka, ranar kasuwa. Direban motar fasinja ya taka burki, ya so ya juya. Tau! Tau! Gilashi ya tarwatse. Kansa ya faɗa kan sitiyari, hon ya kama kuka bai daina ba.

"Ku hito! Kowa ƙasa!" in ji Dikko, shugaban gungun, dogo mai jan rawani. "Bilyaminu, ɗaure su!"

Muttaka yana gefe da bindiga a hannu, bai harba ba. Shi maharbi ne ɗan Dareta. Shekarar da gubar dalma ta shiga garinsu, 'ya'yansa mata biyu suka mutu cikin mako guda. Zinariyar da aka daka dutsenta a tsakar gidansa, wadda ƙurarta ta kawo gubar, ta tafi birni, shi aka bar shi da kaburbura. Ya shiga daji bai sake fitowa ba. Aikinsa a gungun kama namun daji ne. Wani dillali yana zuwa ya kwashe su, ya kai gidajen manya da wurin bokaye, ya bar akwatunan harsashi. Kullum Muttaka yana gaya wa kansa shi dabba yake kashewa.

Wata tsohuwa ta fito daga motar, jinin direba a mayafinta. Ta kafe Muttaka da ido ta saman rawani.

"Muttaka? Ɗan Iyatu? Kai na?"

Ya gane ta. Uwani ce, ungozomar da ta karɓi haihuwar 'ya'yansa, ita kuma ta yi musu wankan gawa.

Dikko ya yi dariya. "Ashe da 'yar gida cikin kayan. Ku aza ta bisa mashin!"

Suka kwashi mutum bakwai suka nutsa daji.

A Anka, Sufeto Yahaya ya ji labari bayan awa guda. Mota ɗaya gare shi, man da ke ciki rabin tanki, mutanensa shida. Da suka isa, hon ɗin ya riga ya shaƙe. Ya ɗaga kan direban da hannunsa, ya rufe masa ido. Takalman mutane warwatse a kan kwalta.

"Oga, mu jira soja?" in ji kofur.

"Mun jira su wancan karon. Mi munka samu? Ku bi sawun tayan nan."

Sansanin yana bayan Zugu, ƙarƙashin wasu manyan itatuwan kirya. An jera keji: gauraka biyu, ɗan kura, buhun kawunan ungulu da ƙudaje suka rufe. Gaurakin sun daina cin abinci tun ranar da aka kama su. Suna tsaye kawai suna kallon mutane.

Washegari da hantsi Dikko ya kira Muttaka.

"Dillali na zuwa da azahar. Kahin nan, ka kai tsohuwar ga bayan dutse. Ta san sunanka, ta san na uwarka."

"Oga, ba ta hwaɗi. Na rantse."

"Kai dai ka saba da gada da zomo. Yau ka gama makaranta. In ban ji ƙara ba, ku biyu za a bizne."

Ya tasa ta gaba. Tana tafiya tana ɗingishi, ba ta roƙe shi komai ba. Bayan dutsen ta juyo.

"Kullum Innarka na aje maka tuwo. Har yau."

"Inna Uwani, ban taɓa kashe mutum ba. Namun daji nika kamawa, a musanya su da harsashi. Shi ke nan."

"Shi ke nan?" ta ce. "To, harbe ni da naka rabon."

Muttaka ya gyara riƙon bindiga. Tun ranar da ya shigo dajin nan, in ya rufe ido, ƙananan ƙafafun 'ya'yansa biyu yake gani sun leƙo daga tabarma. Yanzu ido buɗe yake ganinsu.

Ya ɗaga bindiga sama. Tau!

"Bi rahin ga har ki kai gonar gero. Kar ki waiga. In kin ga hukuma, ki ce su zo ta gabas."

Da azahar wata farar mota mai baƙin gilashi ta iso. Ana cikin loda keji, Bilyaminu ya sheƙo a guje.

"'Yan sanda! Ga su nan gabas!"

Harbi ya ɓarke. Ganye na zuba, fasinjojin da ke ɗaure suna salati. Farar motar ta fizga da kejin da akwatunan harsashin duka. Bilyaminu ya hau babur — harsashi ya same shi a wuya, babur ya ci gaba shi kaɗai har ya daki itace.

"Muttaka! Hidda mu!" Dikko ya daka tsawa. "Wace hanya?"

"Biyo ni, oga!"

Ya ja shi cikin wani kwazazzabo mai ciyawa har ƙugu. Nan ya binne tarkunan ƙarfe na kura, guda tara. Shi ya san inda kowanne yake. Yana tsalle, yana kaucewa. Dikko na binsa kai tsaye.

Ƙarau!

Ihun Dikko ya cika kwazazzabon. Haƙoran ƙarfe sun haɗe a ƙaurinsa. Ya ja, ƙashi ya amsa.

"Buɗe! Buɗe min, ɗan'uwa!"

Muttaka ya tsaya yana kallonsa. Ya ajiye bindigarsa a ƙasa.

"Ban buɗewa."

Dikko ya gane. Ya ɗaga tasa bindigar — harsashi uku a ƙirjin Muttaka.

Sufeto Yahaya ya same su a haka: ɗaya a tarko yana zagi, ɗaya a kwance ido buɗe. An kuɓutar da fasinja biyar. Na shida, wani mai sayar da albasa, ya mutu a ɗaure, ba a san harsashin wa ya same shi ba. Kofur ya rasa hannun dama. Farar motar kuwa an tare ta a shingen hanya, aka yi waya daga sama, aka ɗage mata shinge. Yahaya ya rubuta lambarta a takarda. Ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Mutanen gari suka ƙi yi wa Muttaka salla. Mutum uku suka tsaya a kansa: liman, sufeto da mai haƙa kabari.

Bayan kwana uku Uwani ta je Gummi gaisuwar direba. Matarsa, Ummukulsum, tana zaune da jariri a cinya. Ta kama hannun tsohuwar.

"Inna, an ce kin san ɗaya cikinsu. An ce shi ya cece ki. Gaya min gaskiya, shi ya kashe min miji?"

Uwani ta dubi jaririn.

"Bai harba ba, ɗiyata," ta ce. "Amma harsashin, shi ya sawo shi."